Jar Ƙasa Ta Dawo Cikin Gwangwani



A 'yan shekarun nan wata kala ta shigo yayi a wajen masu fentin ɗaki. Tana tsakanin kalar jan bulo da kalar sabuwar tukunya, ba ta kai ja wur ba, ta kuma fi ruwan goro duhu. Masu shagon fenti suna ce mata terakota, kalmar Italiyanci ce, ma'anarta gasasshiyar ƙasa. Matasanmu sun gan ta a hotunan waya, a falon otal da na gidajen masu hali, sai suka fara cewa ita suke so a ɗakin amarya. Nan fa gardama ta tashi a gidaje da dama. Dattijo zai ce, "Mu da muka sha wuya kafin mu fita daga gidan ƙasa, kai kuma ka sa kuɗi ka sayo mana kalar ƙasa?" Yaro kuma ya ce, "Baba, ai kalar Turawa ce, ita ake yayi yanzu."

Kowannensu akwai abin da ya sani, akwai kuma abin da ya shige masa duhu. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun wannan kala tun daga tushe, mu ga inda muka same ta, dalilin da ya sa muka bar ta, da abin da za mu iya ɗauka yanzu da ta dawo mana cikin gwangwani.

Me ya sa ƙasar take ja?

Amsar a taƙaice ita ce ƙarfe. Jar ƙasa tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, ruwa da iska sun yi shekaru aru-aru suna aiki a kansa har ya yi tsatsa. Wannan tsatsar ce jan da muke gani. Ba abin mamaki ba ne da tarihin Kano ya fara da maƙera a gindin Dala, domin tamar da suke narkawa daga irin wannan ƙasa take fitowa. In aka gasa yumɓu a wuta jan nasa ƙaruwa yake yi, shi ya sa randa da tulu da kasko suke fitowa da wannan launi, haka ma jan bulo.

Abin da zai ba ku sha'awa shi ne, masu haɗa fenti ma da wannan sinadari suke samar da kalar. Shi ne a cikin jan fentin da mai walda yake fara shafa wa ƙofar ƙarfe kafin a yi mata fenti na gaske. Shi ne a cikin jan simintin da ake gani a ƙasan tsofaffin gidajen gwamnati da na 'yan kasuwar da. Kuma duk wanda ya hau tudun Mokola ko hasumiyar Bower ya hango rufin kwanon Ibadan ya yi jaja-jaja har iya ganinsa, to ɗan'uwan abin da ke cikin gwangwanin yake kallo.

Ginin kakanninmu

A ƙasar Hausa gida daga ƙarƙashin ƙafar mai shi yake fitowa. A haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, sannan a dunƙula tubali da hannu a shanya a rana. Kududdufan da ke cikin birnin Kano da Zariya da Katsina, yawancinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Magini yana jera tubali yana bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin katanga da kauri, tana yin sama tana sirancewa. Rufi kuma da azarar giginya ake yinsa, wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗora ƙasa a kai, a fitar da indararo don ruwan sama ya sami hanya.

Kada wani ya ɗauka aikin talaka ne kawai. An fara ginin ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, kuma da ƙasa aka yi ta. Gidan Rumfa, fadar Kano, tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) yake, haka Gidan Makama da yanzu ya zama gidan tarihi. A Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, Muhammadu Durugu da ake kira Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a da bakan gizo da tulluwa, ba siminti ba rodi, har yau masana gine-gine suna zuwa kallonsa. Hasumiyar Gobarau a Katsina ta ƙasa ce. Hasumiyar masallacin Agadas a Nijar, mai tsawon mita 27, ita ma ta ƙasa ce, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Gini sana'a ce mai sarautarta, akwai Sarkin Magina, ana gadonta daga uba zuwa ɗa.

Jan bulo kuwa, wato tubalin da aka gasa, bai yaɗu a ƙasar Hausa ba a wancan zamani, don gashi yana cin itace da yawa. Maƙwabtanmu na Barno sun yi amfani da shi a ginin fada a Birnin Gazargamu. Mu namu tubalin rana ce take gasa shi.

Makuba da farar ƙasa

Ruwan sama shi ne abokin gabar ginin ƙasa, don haka magina suka nemi dabarar kare bango. Mafi shahara ita ce makuba. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa, ruwan ya fito ja mai duhu, a kwaɓa shi da jar ƙasa a yi yaɓe. In ya bushe sai bango ya yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima na majema da dafara, ana shafe rufin soro da shi. Kun ga yadda sana'o'i suke riƙe da juna: marini da majemi duk suna da hannu a rufin gidan maƙwabci.

Ƙasan ɗaki aikin mata ne. Su suke taruwa su yi daɓe, suna yayyafa ruwan makuba suna dukan ƙasa da madaɓi, ana waƙa ana raha, har wuri ya yi sumul yana ɗaukar ido. Iyayenmu mata da suka taso a Arewa kafin zuwan siminti duk sun san wannan.

To amma akwai abin da ya kamata matasa su sani. Kakanninmu ba su cika barin cikin ɗaki ja gaba ɗaya ba in suna da hali. Ɗakin ƙasa tagarsa ƙarama ce, wani ma ba shi da ita, don haka duhu ne da shi. Sai a nemo farar ƙasa a shafe bango, musamman in salla ta gabato ko za a kawo amarya. Sannan a yi jere, da can na ƙorai, daga baya na tasoshi da kwanukan sha masu fure. Abin da ido yake gani a ɗakin Bahaushiya shi ne ja a ƙasa, fari a bango, ga kwanuka suna walƙiya. Ja da fari tare suke tafiya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Harshenmu ma ya adana tarihin. Har gobe in mace za ta sayi atamfa tana cewa a ba ta ruwan ƙasa, ko ruwan makuba, ko ruwan goro. Yaran da aka haifa a nan Sabo suna faɗin ruwan makuba, amma da yawansu ba su taɓa ganin makuba ba, ba su san ɗorawar da ake yin daddawa da kalwarta ce take ba da ita ba.

Da muka sauko Kurmi

Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kai Kano a 1911. Daga nan fataucin shanu da goro ya buɗe: shanu su gangaro Kudu, goro ya hau Arewa. Hausawa sun riga sun zauna a cikin gari tare da Yarbawa kafin wannan lokaci, amma a 1916 aka keɓe mana wannan wuri, aka kafa Sabo. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan unguwar da aka buga a 1969. A ciki ya nuna yadda gida yake jari a wajen maigida: da ɗakuna ake saukar baƙi, da saukar baƙi ake samun dillanci, da dillanci ake riƙe kasuwa. Wato a Sabo gida bai tsaya a wurin kwana ba, shago ne, ma'aji ne, kuma shaidar cewa mutum abin amincewa ne.

Iyayenmu sun tarar da jar ƙasa a nan ma, kuma sun tarar Yarbawa da ita suke gini. Sai dai su ba sa yin tubali irin namu, ɗanyar ƙasa suke ɗorawa hawa-hawa, kowane hawa ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Abin da bai yiwu a kawo ba shi ne soro. A Kano damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rana ce da hunturu, gini yana samun lokacin bushewa. A Badun ruwa yana farawa tun wajen Maris, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba ko Nuwamba. Shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa ba zai jure wannan ba. Ga shi azara da makuba ba a bakin ƙofa suke ba kamar a gida. Dole aka bi tsarin masu gari: bangon ƙasa, rufin kwano mai gangara, baki ya fito waje ya kare bango.

Haka zanko da bakan gizo da dagin da ake zanawa a fuskar zaure suka tsaya a Arewa. Zauren kansa ya biyo mu, don mu mutane ne masu baƙi, amma adonsa bai biyo mu ba.

Zamanin siminti

Kamfanin siminti na farko a Najeriya ya fara aiki a Nkalagu a 1957. Na Ewekoro, wanda ya fi kusa da mu, ya biyo baya a 1960, na Sakkwato a 1967. A nan Ibadan mutane suna kallon Asibitin Koyarwa da aka buɗe a 1957, ga Cocoa House mai hawa 26 da aka gama a 1965. Kowa ya ga inda duniya ta dosa. Arewa ma ba a bar ta a baya ba: a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka maye tsohon masallacin Juma'a na Kano da na siminti, kuma a shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na masallacin Babban Gwani da sabon gini. Da kuɗin mai suka shigo, ga kuɗin Udoji a hannun ma'aikata, sai ƙishirwar siminti ta kai har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas, wata da watanni suna jiran a sauke musu kaya.

Iyayenmu suna da hujja da suka koma bulo. Bangon ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, a gida kuma da gayya ake yi, dangi da maƙwabta su taru. A Kurmi kowa yana kasuwa, wa zai bar tireda ya zo kwaɓa ƙasa? Ga gara, ga ɓera, ga danshi. Waɗanda suka ga ambaliyar Ogunpa ta ƙarshen Agustan 1980 sun ga abin da ruwa yake yi wa gini, balle na ƙasa. Fatoma da yake ajiye dukiyar baƙi yana son bangon da ɓarawo ba zai huda da dare ba. Duk waɗannan dalilai ne na hankali.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ciwo. A hankali sai kalar kanta ta zama abin kunya. In aka ce gidan wane na ƙasa ne, an gama magana, ana nufin bai samu ba. Wanda bai da ƙarfin rushewa sai ya yi wa bangon ƙasa filasta ya rufa asiri. Da yawa daga tsofaffin gidajen unguwar nan haka suke, in filasta ta ɓare za ka ga jar ƙasa tana leƙowa. Daga nan aka shiga zamanin fentin mai, shuɗi ko kore daga ƙasa zuwa ƙugu don a riƙa gogewa, sama kuma ruwan madara. Duk wanda ya yi yarinta a shekarun 1970 da 1980 a irin wannan ɗaki ya girma. Dattijon da ya ce ba ya son kalar ƙasa a ɗakinsa, wahalar da ya sha yake tunawa, kuma ya cancanci a saurare shi.

Sai dai ƙasa ba abin raini ba ce. Masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino. Kuma ko a wannan zamani, a 1986, masallacin ƙasa na garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, a lokacin da mu nan muke ɓoye namu a bayan filasta.

Abin da gwangwani ba ya kawowa

Yanzu kalar ta dawo, amma kalar ce kaɗai ta dawo. Ɗakin soro yana da sanyi da rana, da ɗumi a daren hunturu, saboda kaurin bango: zafin rana yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa, kafin ya iso ciki gari ya yi sanyi. Bulo mai rami da rufin kwano ba sa yin haka. Ko gwangwani goma ka shafa, ɗaki ba zai ƙara sanyi ba. Wanda ya ce maka wannan fenti yana sanyaya ɗaki, ciniki yake nema. In sanyi kake so, ka sa kuɗinka a silin da taga mai shigar da iska.

Ga wanda ya yanke shawarar yi, tarihin da muka kawo yana da darasi a aikace.

Na farko, a tuna da farar ƙasa. Yawancin ɗakunanmu a Sabo ƙanana ne, gida yana manne da gida, taga ɗaya ce, wuta kuma kun san halinta. Kala mai duhu tana shanye haske. In aka shafe bango huɗu da ita, ɗaki zai zama kamar cikin randa. Bango ɗaya ya isa, wanda ke fuskantar ƙofa ko wanda gado yake jingine da shi, sauran a yi musu ruwan madara, silin ya zama fari. Zaure ko falo mai faɗi da taga biyu shi zai iya ɗaukar fiye da haka.

Na biyu, a duba danshi kafin a sayi fenti. In gindin bango yana jiƙewa da damina, ko yana fitar da farin gari kamar kanwa, to a gyara magudana da yoyon kwano tukuna. Sabuwar filasta kuma a bar ta ta bushe sarai. Tsohon gidan da cikinsa ƙasa ne yana bukatar ya riƙa fitar da laima. Fentin mai yana toshe shi, ruwa ya taru a ciki, filasta ta kumbura ta rabu da bango. Fentin ruwa ya fi dacewa da irin wannan. A kuma cike tsaga kafin a shafa, don sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Lokacin aiki kuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, kamar yadda magina suke yin yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Na uku, a gwada kafin a sayi bokiti. Kalar da ke jikin takardar shago da wadda za ta fito a bangonka ba lalle su zo ɗaya ba. A sayi ƙaramin gwangwani, a shafa wuri kamar faɗin sallaya, a bari ya bushe, a duba shi da safe, a duba shi da dare a hasken ƙwai. In mai fenti ne zai haɗa kalar da hannu, ya haɗa wadda za ta isa aikin gaba ɗaya a lokaci guda, don haɗi na biyu da wuya ya yi daidai da na farko.

Na huɗu, mai haya ya nemi izinin maigida. Rufe ja da fari yana cin shafi biyu ko uku, kuma mun sha zama sulhu a kan abin da bai kai wannan ba. A yi magana tun farko, a san wanda zai biya in an tashi.

Alherin wannan kala shi ne tana da haƙuri. Ba ta saurin koɗewa, ba ta nuna ƙurar hunturu da shatin hannun yara kamar fari, kuma tana shiga da kayan da muke da su: tabarmar kaba, buzu, tum-tum na fata, faifai, akushi.

Abin da ya rage mana

Ba muna cewa kowa ya je ya sayi jan fenti ba, kuma ba muna cewa a rushe bulo a koma tubali a garin da ruwa yake wata takwas yana zuba ba. Wanda ransa ya fi kwanciya da shuɗi ya yi shuɗinsa. Abin da muke gudu shi ne yaranmu su karɓi kayan gidansu daga hannun baƙo da sunan baƙo, su ɗauka sai abin da ya fito a waya ne yake da daraja. Yau kala ce, gobe wani abu ne da ya fi kala muhimmanci.

Har yanzu akwai dattawa a cikinmu da suka dunƙula tubali da hannunsu, akwai tsofaffi mata da suka riƙe madaɓi. Kafin su ƙare, a sa yara su zauna da su su ji yadda ake jiƙa makuba, su rubuta. Malaman Islamiyyunmu za su iya ba ɗalibai wannan a matsayin aikin hutu. Wanda Allah ya ba ikon kai iyali gida da salla, ya ware yini guda ya kai su Gidan Makama, ko Gobarau, ko masallacin Zariya, su taɓa bango da hannunsu, su shiga ciki da tsakar rana su ji sanyin da ba na'ura. Kuma in yaro ya zo da hoton ɗaki a waya ya ce ga kalar da yake so, kafin a yi masa faɗa, a tambaye shi ko ya san sunanta da Hausa. In bai sani ba, a gaya masa.

Allah ya albarkaci gidajenmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya jiƙan magabatan da suka kafa mana wannan unguwa. Amin.